Gasar da ke ƙara tsada: abin da yaƙin Netflix da abokan hamayyarsa ya bar wa mai kallo

Duk wanda ya taɓa saye da sayarwa ya san cewa idan masu haja suka yi yawa, mai saye ne ke shan daɗi. Ya taya nan, ya taya can, wanda ya fi sassauci shi ke yin ciniki. To amma akwai kasuwa guda da ta yi wa wannan ƙa'ida tawaye, wato ta kamfanonin da ke nuna fina-finai da shirye-shirye ta intanet ana biyansu wata-wata. A Nuwamban 2019 Disney+ ya buɗe a Amurka kan dala 6.99 a wata. Zuwa Oktoban 2024, kallo iri ɗaya, wanda babu talla a cikinsa, ya koma dala 15.99. Apple TV+ da ya fito a wata ɗaya da shi kan dala 4.99, kafin ƙarshen 2023 ya ninka kuɗinsa. Netflix kuwa ƙarin kuɗi ya zame masa jiki. Duk wannan ya faru ne a shekarun da masu gogayya suka fi yawa, kowa na rantsuwa cewa mai kallo yake wa hidima.

Ruwa ba ya tsami banza. Dalilin yana cikin irin hajar da ake sayarwa. Mai neman wani shiri da ake ta maganarsa ba shi da damar cewa bari in duba inda ya fi araha, domin wuri ɗaya tak ake samunsa. Kowane kamfani sarki ne a kan kayansa. Don haka yawaitar kamfanoni ba ta ƙara wa mai kallo wuraren taya abu ɗaya ba, ƙofofin da zai biya kuɗin shiga ne suka ƙaru. Wanda a da yake biya wuri ɗaya ya ga kusan komai, yau sai ya biya wuri uku ko huɗu kafin ya haɗa abin da ya saba gani.

A tuna yadda aka faro. Netflix kamfanin hayar faifan DVD ne da aka kafa a 1997, yana aika wa mutane faifai ta gidan waya. A 2007 ya soma nuna fina-finai kai tsaye ta intanet. Manyan kamfanonin Hollywood ba su ɗauke shi a bakin komai ba a lokacin. Suna da tsofaffin shirye-shirye jibge waɗanda suka riga suka ci ribarsu a talabijin, ga wani ya zo da kuɗi yana neman izinin nunawa, sai suka ga banza ta faɗi. Suka yi ta ba shi. Da kayansu ya gina gidansa, ya saba wa mutane da kallo ba talla, ba jiran ƙarfe kaza. A 2013 ya soma fitar da manyan shirye-shirye nasa na kansa, a Janairun 2016 kuma ya buɗe a ƙarin ƙasashe 130 a rana ɗaya. Kafin masu kayan su farga, ɗan hakin da suka raina ya tsone musu ido.

Martaninsu shi ne kowa ya kwashe kayansa ya buɗe nasa dandalin. Disney ya sayi mafi yawan kamfanin Fox kan sama da dala biliyan 71 a 2019, ya kuma daina bai wa Netflix sababbin fina-finansa. Rahotanni sun ce Netflix ya biya kusan dala miliyan 100 don kawai ya riƙe shirin barkwancin nan Friends na shekara ɗaya, 2019, daga nan masu shi suka ɗauke abinsu zuwa HBO Max. Haka aka yi da The Office, wanda ya koma Peacock a farkon 2021. Tsakanin Nuwamban 2019 da Maris na 2021 an buɗe Apple TV+, Disney+, HBO Max, Peacock da Paramount+, ga Prime Video na Amazon da Hulu da tuni suke fage. A lura, shirye-shiryen da aka yi wannan kokawa a kansu an daɗe da gama su. Waɗannan miliyoyi ba su ƙara wa mai kallo ko minti ɗaya na sabon abu ba. An biya su ne don a hana maƙwabci nunawa.

Kasuwar waƙa ta fi kowace hujja nuna bambancin. A Spotify da Apple Music da takwarorinsu, kusan duk waƙar da ka nema a ɗaya za ka same ta a ɗayan, domin kamfanonin waƙa kowa suka ba izini. Shi ya sa ba kasafai mutum ke biyan guda biyu ba, shi ya sa kuma kuɗin Spotify a Amurka ya tsaya a dala 9.99 tun daga 2011 har 2023. Mawaƙa na da nasu kukan a kan ɗan abin da ke isowa hannunsu, wannan maganar wata rana ce. Amma ta fuskar mai biya, a can ake gasa irin wadda aka sani: kaya ɗaya, masu sayarwa da yawa, sai wanda ya fi iya tarairayarka.

To in haka ne, me ya sa aka fara da araha? Domin ba mai kallo ke biyan cikakken kuɗin ba. A shekarun da kuɗin ruwa ya faɗi ƙasa warwas a Amurka, bashi ya yi sauƙin ci, masu hannun jari kuma tambaya ɗaya suke yi duk bayan wata uku: mutum nawa kuka ƙara? Maganar riba an jingine ta. Netflix ya ciwo bashin da ya kai kusan dala biliyan 15 yana zubawa a shirye-shirye, darajarsa a kasuwar hannun jari na ta hawa, sauran suka gani suka bi sahu. Disney ya yi hasashen samun masu biya miliyan 60 zuwa 90 a 2024, sai annobar korona ta zaunar da duniya a gida, ya wuce miliyan 100 tun a Maris na 2021. Aka ɗauka haka za a yi ta tafiya. Har wani sabon kamfani mai suna Quibi ya tara dala biliyan 1.75 don nuna gajerun shirye-shirye a waya. Ya buɗe a Afrilun 2020, bayan wata shida ya sanar da rufewa.

Kiɗa ya canza ne ranar 19 ga Afrilun 2022, lokacin da Netflix ya sanar cewa masu biyansa sun ragu da 200,000. Daga cikin sama da miliyan 220, wannan ba wani adadi ba ne. Hasali ma ficewarsa daga Rasha bayan ɓarkewar yaƙin Yukren ce ta ci masa mutum 700,000, ba don ita ba ƙaruwa zai sanar. Sai dai wannan ne karo na farko cikin fiye da shekara goma da lissafin ya yi baya, kuma washegari hannun jarinsa ya faɗi da kusan kashi 35 cikin ɗari. A daidai lokacin ne babban bankin Amurka ya soma ɗaga kuɗin ruwa. Nan take masu kuɗi suka sauya tambaya, suka koma cewa ina ribar. A Nuwamban shekarar Disney ya bayyana asarar kusan dala biliyan 1.5 cikin wata uku a sashen kallo ta intanet, bayan 'yan kwanaki aka sallami shugaban kamfanin, Bob Chapek, aka dawo da tsohon shugaba Bob Iger. CNN+ kuwa wata ɗaya ya yi a duniya aka rufe shi.

Daga nan sai mai dokar barci ya ɓige da gyangyaɗi. Netflix ya shafe shekaru yana cewa shi da talla haihata-haihata, amma a Nuwamban 2022 ya fito da tsari mai talla kan dala 6.99. Disney+ ya biyo baya a Disamba. Amazon ya fi su ƙarfin hali. A Janairun 2024 ya wayi gari ya sa wa kowa talla a Prime Video a Amurka, ya ce wanda ba ya so ya ƙara dala 2.99 a wata, wato ka biya don a dawo maka da abin da kake da shi jiya. Duk wanda ya dubi yadda ake tsara farashin zai ga inda ake kora mutane. Kallon da ba talla shi ake ta tsawwala wa kuɗi, mai talla kuma ana lallaɓa shi, domin mai kallon talla sau biyu yake kawo kuɗi: ya biya na wata, a kuma sayar da idonsa ga masu haja.

Sai batun kalmar sirri. A 2017 Netflix da kansa ya wallafa a Twitter cewa ƙauna ita ce raba kalmar sirri da wani. A lokacin yana so a saba da shi, kuma ɗan'uwan da ke kallo a asusun wani kamar ɗan koyo ne da wata rana zai buɗe nasa. A 2023 sai ya ce asusu na gida ɗaya ne, ya ƙiyasta cewa gidaje sama da miliyan 100 na kallo ba su biya, ya kuma sa dala 7.99 a Amurka a kan duk wanda aka ƙara daga waje. An yi ta kumfar baki, ana cewa za a ƙaurace masa. A nan dole in faɗi gaskiya ko da ba ta yi wa masu fushi daɗi ba: dabarar ta ci. Daga kimanin miliyan 231 a ƙarshen 2022, masu biyansa sun haura miliyan 300 a ƙarshen 2024. Ni ban ma ga babban laifi a neman kuɗi daga wanda ke kallo ba, kowa ya ci ladan kuturu ai ya san da aski a gaba. Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne, daga 2025 kamfanin ya daina sanar da yawan masu biyansa duk wata uku. Ma'aunin da aka shekara da shekaru ana zubar da dukiya a kansa, wanda ya yi nasara ya naɗe shi ya ajiye.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne goge ayyuka. A Agustan 2022 sabon kamfanin Warner Bros. Discovery ya jingine fim ɗin Batgirl, wanda aka kusa kammalawa bayan an kashe masa kimanin dala miliyan 90, don rubuta shi a matsayin asara ya fi fitar da shi amfani wajen lissafin haraji. A Mayun 2023 Disney ya sauke shirye-shirye da fina-finai masu yawa daga Disney+ da Hulu, ya rubuta asarar dala biliyan 1.5. Shirin da ke zaune a dandali yana cin kuɗi ko ba a kallonsa, domin akwai ladan da ake ci gaba da biyan waɗanda suka yi shi. Ga mai lissafi wannan hujja ce. Amma shirin da aka yi don dandali ɗaya, ba a buga shi a faifai ba, ba a nuna shi a talabijin ba, in aka sauke shi yana iya ɓacewa gaba ɗaya. Faifan da mutum ya saya shekara ashirin da suka wuce yana nan a ɗakinsa. Wanda ya shekara goma yana biyan kuɗin wata kuwa, ko fim ɗaya bai mallaka ba.

Ba zan ce gasar ba ta haifar da alheri ba. Neman kwastomomi a kowace nahiya ya tilasta wa kamfanonin Amurka zuba kuɗi a labaran da ba na Ingilishi ba, tare da fassara da ɗora murya. Squid Game na Koriya ta Kudu ya mamaye duniya a 2021, kuma a 2023 Netflix ya yi alkawarin zuba dala biliyan 2.5 a ƙasar cikin shekara huɗu. Shirye-shiryen Sifaniya da na Jamus da na Indiya sun shiga gidajen da a da ba za su taɓa isa ba. Tarayyar Turai ma ta taimaka da dokarta ta 2018, wadda ta ce aƙalla kashi 30 cikin ɗari na abin da dandali ke nunawa a yankin ya zama aikin Turai. A 2022 Apple ya zama dandali na farko da fim ɗinsa ya lashe babbar kyautar Oscar. Kuma duk da ƙarin kuɗin, wanda ya san tsadar talabijin na kebul a Amurka, wato tashoshin da ake biya a dunƙule ana jawo su gida ta waya, zai ce har yanzu da sauƙi.

Sai dai yawancin wannan alheri ɗan zamanin zubar da kuɗi ne, kuma zamanin ya wuce. Ƙididdigar da tashar FX ke yi duk shekara ta nuna shirye-shirye masu dogon zango da aka yi a Amurka sun kai kusan 600 a 2022, suka sauko zuwa 516 a 2023. A shekarar ce marubutan Hollywood suka yi yajin aiki na kwana 148, 'yan wasa suka yi na kwana 118, kuma cikin manyan ƙorafe-ƙorafensu akwai ƙarancin ladan da dandalin intanet ke biya da ɓoye musu yawan masu kallon aikinsu.

To me ya rage a hannun mai kallo? Abu ɗaya ne, kuma shi ne zuciyar wannan magana: ƙofar fita. A tsohon tsarin kebul akwai yarjejeniyar shekara, akwai akwatin da za a mayar, akwai kiran waya da za a yi ta ja maka rai kafin a sake ka. A nan kuwa wata ɗaya ka saya. Ka biya wannan kamfani a Janairu, ka kalli abin da ya kawo ka, ka soke, ka koma wancan a Fabrairu. Tunda ba ka da ikon taya shiri ɗaya a wurare biyu, ikon da ya rage maka shi ne zaɓen wanda zai ci kuɗinka a wannan wata. Iyakar gasar gaskiya da ke cikin wannan kasuwa ke nan. Ita ce ke sa kamfani ya yi tunani sau biyu kafin ya ƙara dala biyu, ita ce ke sa ya ci gaba da kashe kuɗi a kan sabon aiki mai kyau, don ya san mutum na iya tafiya ranar talatin ga wata.

Kamfanonin sun fi kowa sanin haka. Jawo sabon kwastoma na cin kuɗin talla da rangwame, in ya tafi bayan wata biyu an yi aikin banza. Saboda haka yaƙin na yanzu ya tashi daga neman masu shigowa ya koma kan hana fita, kuma da wannan idon ya kamata a kalli kusan duk sabon abin da suke fitowa da shi. Disney+ da HBO Max da Apple na sakin shirinsu kashi ɗaya duk mako, don zango mai kashi takwas ya riƙe ka wata biyu. Netflix da ya yi suna wajen zube zango duka a rana ɗaya, yanzu manyan shirye-shiryensa raba su yake biyu, a sa tazarar makonni a tsakani, daidai yadda kuɗin wata na biyu zai shigo. Ga rangwamen biyan shekara ɗaya dunƙule. Ga rabin farashi da ke bayyana a allo daidai lokacin da ka danna sokewa, wanda ba a taɓa yi maka tayinsa ba lokacin da kake biya ba gardama.

Babbar igiya ita ce wasanni. Fim yana jira, in ba ka gani yau ba ka gani baɗi. Wasa ba ya jira, kuma mako-mako ake yinsa. Shi ya sa Amazon ke biyan kusan dala biliyan 1 a shekara don wasannin daren Alhamis na gasar ƙwallon Amurka ta NFL. Peacock ya biya dala miliyan 110 don wasa ɗaya tak a Janairun 2024. Apple ya ɗauki gasar ƙwallon ƙafa ta Amurka, MLS, gasar ƙwallon kwando ta NBA ta raba wasanninta tsakanin Disney da NBC da Amazon a yarjejeniyar shekara 11 ta sama da dala biliyan 75. Netflix da ya daɗe yana nesa-nesa da wasanni ya nuna damben Mike Tyson da Jake Paul a Nuwamban 2024, ya ɗauki wasannin NFL na ranar Kirsimeti, ya kuma biya kimanin dala biliyan 5 don shirin kokawar WWE na shekara goma, shirin da ba ya hutu duk tsawon shekara. Mai goyon bayan ƙungiya ɗaya yanzu sai ya bi ta gida-gida kafin ya ga dukkan wasanninta.

Indiya ta nuna labarin nan daga farko har ƙarshe cikin shekara uku. A can wasan kurket ne komai, kuma gasar IPL ce ta tara wa Disney+ Hotstar miliyoyin masu biya. A gwanjon 2022 kamfanin Viacom18, wanda Reliance na attajiri Mukesh Ambani ke mara wa baya, ya ƙwace haƙƙin nuna gasar ta intanet kan kimanin dala biliyan 3, sannan a 2023 ya nuna ta kyauta a manhajar JioCinema. Hotstar ya faɗo daga sama da masu biya miliyan 61 zuwa ƙasa da miliyan 40 cikin shekara guda. Masu kallo suka sha daɗi, aka ce ga amfanin gasa. A Nuwamban 2024 abokan gabar suka haɗe kamfanoninsu na Indiya, a Fabrairun 2025 aka buɗe JioHotstar, kallon kyauta mara iyaka kuma ya zo ƙarshe. Kyautar makami ce, da yaƙi ya ƙare aka mayar da ita kube.

Ɗaya igiyar ita ce haɗa kaya a ƙunshi ɗaya. A 2024 Disney da Warner suka haɗa Disney+ da Hulu da Max (sunan HBO Max a lokacin) kan kuɗi ɗaya, Comcast kuma ya haɗa Netflix da Peacock da Apple TV+ ga masu sayen intanet ɗinsa. Rangwamen na gaske ne, ba zan musa ba. Amma wanda ya shiga ƙunshi ba ya fita don shiri ɗaya ya ƙare, domin fita na nufin rasa uku a lokaci ɗaya. Amazon tun farko ya gane wannan, ya cusa kallon fim cikin Prime tare da kai kaya gida, ta yadda mutum ba ya ma tuna nawa yake biya don fim ɗin. A tattara: tashoshi da yawa a ƙunshi ɗaya, talla a tsakiyar shiri, wasanni kai tsaye, kuɗi na hawa duk shekara. Wannan ai kebul ɗin da aka ce an guje wa ne ya sake riga. An gudu ba a tsira ba.

Akwai abokin hamayya guda da waɗannan igiyoyi ba su kama shi. Tun 2017 Reed Hastings, ɗaya daga waɗanda suka kafa Netflix, ya ce da barci suke gasa, ana ɗauka wasa yake. Awannin mutum ba sa ƙaruwa, kuma wanda ya fi cinye su a yau ba ya karɓar ko sisi a ƙofa. Ƙididdigar da Nielsen, kamfanin auna yawan masu kallo, ya yi ta Mayun 2025 ta nuna kallo ta intanet ya kai kashi 44.8 cikin ɗari na lokacin da Amurkawa ke ɓatawa gaban talabijin, karo na farko da ya zarce kebul da tashoshin iska a haɗe. A ciki YouTube ke da kashi 12.5, Netflix 7.5. YouTube ba ya ba da biliyoyi tun kafin a ɗauki hoto, masu yi ne ke ɗaukar kasadar, shi ya raba kuɗin talla da su. Ga TikTok a waya, ga irin su Tubi da Pluto TV masu nuna fim kyauta da talla. In akwai abin da ke taka wa farashi birki ban da ƙofar fita, to waɗannan ne.

Inda aka dosa a bayyane yake, wato raguwar masu gasar. Amazon ya haɗiye kamfanin fim na MGM kan dala biliyan 8.45 a 2022, Warner ya haɗe da Discovery a shekarar, kamfanin fim na Skydance ya karɓi Paramount a 2025, kuma kafin shekarar ta ƙare Netflix da Paramount suka shiga ja-in-ja kan wanda zai sayi Warner Bros. Wasu na murna cewa in kamfanoni suka ragu, wuraren da ake biyan kuɗin wata za su ragu daga biyar zuwa biyu. Ni ina ganin an tsallake rabin lissafin. In dandali biyu ko uku suka riƙe kusan komai, ikon sokewa yana nan a rubuce, amma ina za ka koma?

Amurka ta taɓa fuskantar irin wannan. A 1948 Kotun Ƙolin ƙasar ta yanke hukunci a kan manyan kamfanonin fim da suka mallaki gidajen sinima, suna kuma tilasta wa masu zaman kansu sayen fina-finai a dunƙule, mai kyau da mara kyau. Sakamakon haka aka raba mai yin fim da mai nuna shi. A 2020 wata kotun tarayya ta soke waɗannan sharuɗɗa bisa buƙatar ma'aikatar shari'a, da hujjar cewa zamani ya wuce su, daidai lokacin da mai yin fim da mai nunawa ke sake zama mutum ɗaya a intanet. Ban ɗauka za a dawo da irin wannan rabuwa ba. Matsin neman riba dai ya ɗan yi aikin da doka ba ta yi ba: tun 2023 Warner ya koma sayar wa Netflix izinin nuna wasu shirye-shiryen tasharsa ta HBO, abin da a 2020 ba zai ko saurara ba.

Abin da hukumomi za su iya yi yau ba tare da rusa kowa ba shi ne gadin ƙofar nan. Jamus ta yi nata tun Yulin 2022, inda doka ta wajabta wa duk mai sayar da rajistar wata-wata ta intanet ya sa maɓallin sokewa a fili a shafinsa. A Amurka hukumar kula da cinikayya ta tarayya, FTC, ta kafa ƙa'ida a Oktoban 2024 cewa fita ta zama da sauƙi kamar shiga, amma kotun ɗaukaka ƙara ta soke ta a Yulin 2025, kwanaki kaɗan kafin ta fara aiki gaba ɗaya, saboda an tsallake wani mataki wajen tsara ta. Bayan wata biyu Amazon ya amince ya biya dala biliyan 2.5 don sasanta ƙarar da hukumar ta shigar, wadda ta zarge shi da shigar da mutane Prime ba da cikakken saninsu ba da kuma wahalar da masu son fita, ko da yake bai amsa laifi ba. Duk lokacin da wata sabuwar haɗakar kamfanoni ta zo gaban masu sa ido, ina so cikin sharuɗɗan amincewa a ga waɗannan a rubuce: tsarin biyan wata ɗaya ya ci gaba da kasancewa, a iya sayen kowane dandali shi kaɗai ba sai cikin ƙunshi ba, sokewa kuma kada ta wuce dannawa biyu.